Wasiƙa zuwa ga Bashir: kafin ka shiga babi na biyar

Zariya,
Daren Asabar.

Mutumina Bashir,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kana kuma jure sanyin can. Mutanen gida duk lafiya lau, Inna na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Saƙonka ya iso. Na ji daɗi ƙwarai da ka ce ka fara buga wasan yaƙin nan na bidiyo, Fire Emblem: The Sacred Stones, domin shekara nawa ina yi maka tallarsa kana cewa ba ka da lokacin wasan da ake jiran juna. Kamfanin Intelligent Systems ne ya yi wa Nintendo shi, ya fito a Japan a 2004 a kan na'urar wasa ta hannu, Game Boy Advance, kuma a ganina duk cikin jerin wasannin Fire Emblem babu wanda ya kai shi karɓar baƙo. Sai dai ka ce an kashe maka Vanessa, ɗaya daga cikin mayaƙanka, ka jira babi na gaba ta dawo, shiru. To, ba za ta dawo ba. A wasan nan wanda ya faɗi ya tafi ke nan har ƙarshen labari, in kuwa Eirika, gimbiyar da ke jagorantar rundunar, ita ce ta faɗi, yaƙin ya tashi.

Ni ma a kan Vanessa na fara koyon darasi. Na ga dokinta mai fukafukai na ƙetare dutse da ruwa, sai na tura ta can gaba ita kaɗai don ta ƙarasa wani ɗan fashi da jininsa ya kusa ƙarewa. Ta ƙarasa shi kuwa. Ina murna, na miƙa wa abokan gaba nasu zagayen, sai ga wani maharbi da ban ma lura da shi ba ya fito daga bayan kurmi. Kibiya ɗaya. Na kashe na'urar da sauri ina zaton na tsira, ashe wasan yana adana kowane motsi da kansa, ina kunnawa ya mayar da ni daidai wurin, kibiyar ta sake samun ta. Mafita ɗaya ce, a sake babin tun daga farko, kuma na sake shi, domin ban iya ci gaba ba tare da ita ba. Ka riƙe wannan: ƙarfin baka ninki uku yake yi a kan duk mai tashi sama.

Abin da na fi so ka ɗauka daga wasiƙar nan shi ne, ba bugunka ne ke cin yaƙi ba, inda ka tsaya bayan bugun ne. Ka tuna yadda Baba Tsoho ke dara a ƙofar gida, hannunsa na shawagi a kan gurbi, ba ya ajiye ɗa sai ya gama lissafin abin da za a mayar masa? Haka za ka yi. Kafin ka motsa kowa, ɗora alama a kan kowane abokin gaba ka danna, wasan zai nuna maka iya inda ƙafarsa da makaminsa za su kai. Sai ka ƙirga: in na ajiye mahayina Franz a wannan gida na taswira, mutum nawa za su same shi, kuma in duk sun same shi zai rayu? In amsar a'a ce, ja da baya gida ɗaya. Sau da yawa na fi son in tsayar da mutum ɗaya mai ƙwari a bakin iyakarsu, su zo su same shi ɗaya bayan ɗaya, sannan in yi musu taron dangi a nawa zagayen. In da kurmi kusa, tsayar da shi a ciki, yana rage wa maharansa maki 20 na samun sa'ar bugu.

Makamai kuwa zagaye suke: takobi na rinjayar gatari, gatari na rinjayar mashi, mashi na rinjayar takobi. Babukan farko cike suke da 'yan fashi masu gatari, shi ya sa Eirika da siririn takobinta take musu kaca-kaca. Sai sauri: wanda ya fi abokin karawarsa da maki 4 zai buga sau biyu. Makami mai nauyi yana cinye saurin mai ƙaramin jiki, don haka kada ka raina makaman Iron, sun fi na Steel sauƙin ɗauka, sun fi su samun wuri, ga araha.

Za ka ji masu cewa kada a taɓa Seth, babban mahayin rundunar, wai yana cinye wa yara, wato ƙananan mayaƙa, makin girma. Ban yarda da su gaba ɗaya ba. Seth jarumi ne tun daga farko har ƙarshe, kuma ajiye shi a baya yana kallo asara ce. Abin da nake yi, shi ke tare ƙofa, shi ke rage wa manyan abokan gaba jini, sai in bar wa yara bugun ƙarshe, domin kisa ya fi rauni kawo maki nesa ba kusa ba. Ross ne ya fi buƙatar wannan gata. Yana zuwa kamar ba zai yi komai ba, amma ɗan gatarinsa ana jifa da shi daga gida biyu, sai ka ɓoye shi a bayan ubansa Garcia yana tsintar na ƙarshe. Moulder mai warkarwa kuma ya riƙa ɗaga sandarsa kowane zagaye, ko ƙwarzane ne ya warkar, da haka yake girma.

Yanzu babi na biyar, wanda saboda shi na zauna rubutun nan da daddare. A garin Serafew akwai wani mai jan gashi da hula cikin abokan gaba, sunansa Joshua. Kada ka kashe shi, naka ne. Natasha, malamar da za ta shigo rundunarka a wannan babin, ita za ta je kusa da shi ta zaɓi yin magana, sai ya juyo ɓangarenka. Hatsarin shi ne takobinsa, Killing Edge, mai yawan bugun da ke ninka ɓarna sau uku, ita kuma ba ta da jiki. Ni na karɓe makaman Seth na ba wani ya riƙe, na tsayar da shi inda Joshua zai kai masa hari ba tare da an rama ba, da zagaye ya dawo kaina sai Natasha ta matso. Ka kuma leƙa gidajen ƙauye masu jan rufi kafin 'yan fashi su rusa su, ana samun kyauta a ciki.

Bayan babi na takwas hanya za ta rabu, ko ka bi Eirika ko ɗan'uwanta Ephraim. A karon farko bi Eirika. In ka ji rundunarka ta yi rauni, akwai hasumiyar Valni inda za ka horar da su yadda kake so.

Shawarata game da Vanessa, in ba ka yi nisa ba, koma ka sake babin. Rubuto mini wanda ka zaɓa, da kuma yadda kuka ƙare da Joshua. Ka gaishe mini da abokan zamanka, sai na ji daga gare ka.

Naka har kullum,
Sani