Ranar da Na Ajiye Alli, Na Jingine Keke

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi tsokaci a kan shawarwarin kiwon lafiya da jaridarku take bugawa a kai a kai. Ina karanta su, kuma ban taɓa samun abin ƙi a cikinsu ba: a rage gishiri, a rage sukari, a yawaita cin ganye, a motsa jiki. Sai dai na lura kusan dukkansu suna magana da mai karatu kamar rayuwarsa a tsaye take wuri ɗaya, alhali yawancin mutanen da na sani waɗanda lafiyarsu ta taɓarɓare sun san waɗannan abubuwa tun tuni. Abin da ya kayar da su shi ne wani babban sauyi, ko ritaya, ko aure, ko haihuwa, ko ƙaura, wanda ya rushe tsarin yinin da ya riƙe su shekara da shekaru ba tare da sun ankara ba. Ni kaina ina cikinsu, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da ya same ni.

Na koyar a makarantar sakandare a nan Zariya tsawon shekara 35, daga 1984 zuwa 2019. A duk wannan lokaci a kan keke nake zuwa aiki, tafiyar kamar kilomita shida zuwa, shida dawowa, sannan in yini a tsaye gaban allo ina kai da kawo tsakanin azuzuwa. Karin kumallona koko ne da ƙosai, da rana abin da ya samu, da dare tuwo da miyar kuka ko kuɓewa. Da wani ya tambaye ni a wancan zamani ko ina motsa jiki, da na ce masa a'a, domin a ganina motsa jiki aikin 'yan ƙwallo ne da sojojin da ke gudu da sassafe. Sai daga baya na fahimci cewa abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa baligi a ƙa'idojinta na 2020, wato minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke, ni ina cika shi kowane mako ba tare da na taɓa ƙirga shi ba. Aikin ne yake yi mini lissafin, kuma ranar da aikin ya ƙare lissafin ya tafi tare da shi.

Watanni na farko bayan ritaya sun yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. In na dawo daga sallar Asuba sai in koma barci, da hantsi in fito majalisa a ƙofar gida, mai shayi yana nan kusa, kofi ɗaya da cokali uku na sukari da madara da burodi, wani lokaci har sau biyu kafin Azahar. Tun da an san ba ni da aiki, duk ɗaurin aure da suna da walimar da aka yi a dangi ni ake turawa, kuma ko'ina shinkafa ce da mai da lemon kwalba. Keken kuwa 'ya'yana suka ce bai dace da dattijo kamar ni ba, mutane za su ce sun kasa kula da mahaifinsu, saboda haka ko kasuwa zan je sai a tare mini adaidaita sahu. Ana cikin haka, a ƙarshen watan Maris na 2020 aka sa dokar zaman gida a Jihar Kaduna saboda annobar korona, aka rufe masallatai da kasuwanni, ɗan takun da ya rage mini zuwa jam'i ma ya yanke. A 2021, da yawan fitsarin dare da ciwon kai suka kai ni asibiti, aka auna jinina aka samu 160 bisa 100, alhali daga 140 bisa 90 ake cewa jini ya hau, sukarina na safe kafin cin abinci kuma ya wuce 126, iyakar da likitoci suke kira ciwon sukari. Nauyina ya ƙaru da kilo 13 a cikin shekara biyu.

A nan ne nake son masu karatu su ɗan tsaya su yi tunani, domin babu wanda ya yi mini mugunta. Duk abin da ya kai ni ga wannan hali da sunan girmamawa aka yi shi. A al'adarmu in mutum ya manyanta ana karɓe masa kaya, ana hana shi tsugunawa, ana kai masa abinci har inda yake zaune, kuma in ya yi tumbi sai a ce hutu ya karɓe shi. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ban ce a bar ta ba, amma ta samo asali ne a zamanin da dattijo yake zuwa gona da ƙafa har ƙarfinsa ya ƙare, yana shan fura da nono ba sukari. Dattijon birni na yau wanda aka raba shi da kekensa aka zaunar da shi a kan tabarma da shayi a gabansa, hutun da ake ba shi yana cin jikinsa a hankali, 'ya'yansa kuma suna ganin sun kyauta.

Mata ma ba su tsira ba, kuma nasu ya fi ɓoyuwa. 'Yata ta tashi a gida tana daka, tana jan ruwa a rijiya, tana tafiya Islamiyya da ƙafa. Da aka kai ta ɗakinta a Kaduna, ta samu famfo a cikin gida da injin markaɗe da murhun gas, abin da kowane uba yake yi wa 'yarsa fata, amma yininta ya koma tsakanin kujera da waya, abincin gaggawa kuma ya koma taliyar leda mai saurin dahuwa. Da ta haihu ta zo wankan gida, sai ga kunun kanwa safe da yamma har kwana arba'in, kamar yadda aka yi wa uwarta da kakarta. Tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a yankin Zariya, suka kuma danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kanwa tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri wanda yake tara ruwa a jiki. Na faɗa wa uwargida wannan magana, ba ta ji daɗinta ba da farko, amma da ungozoma ta maimaita mata a wurin awo sai aka rage kanwar, aka bar mai jego tana zagaya tsakar gida.

Abin da ya taimake ni ba wani sabon ilimi ba ne. Likita ya rubuta mini magani, ina kuma shan sa har yau ba fashi, domin motsa jiki ba ya maye gurbin magani ga wanda ciwon ya riga ya kama. Amma na yi ta ƙoƙarin fara atisaye ina bari, sai da na tambayi kaina: mene ne a rayuwata wanda ritaya ba ta taɓa ba, kuma ƙaura ko rashi ba za su taɓa shi ba? Amsar ita ce salloli biyar. Sai na bar masallacin ƙofar gida a sallar Asuba da La'asar, na koma wani da ke nesa da tafiyar minti goma sha biyar, wanda in an haɗa zuwa da dawowa sau biyu ya zama awa ɗaya a yini. Babu wanda zai ce wa dattijo don me yake tafiya masallaci, kuma ladan taku yana nan. Cefane ma na karɓe shi daga hannun yara, na sauko da keken na kai shi wurin mai gyara duk da ƙorafin 'ya'yana, na kuma shuka zogale da rama da yakuwa a bayan gida, wanda ban ruwa da cirar ciyawarsu ya zame mini abin da ake kira ƙarfafa tsoka, da aka ce a yi aƙalla sau biyu a mako.

Batun abinci ya fi wuya, domin ba ni nake girki ba, kuma ba ni kaɗai nake ci ba. Sukarin shayi na rage shi daga cokali uku zuwa biyu, zuwa ɗaya, har na daina, a cikin wata huɗu. Da na yanke shi rana ɗaya na san ba zan jure ba. Gishiri an ce kada ya kai giram biyar a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma mutane da yawa ba su san cewa dunƙulen da ake jefawa a miya gishiri ne mai yawa a cikinsa ba, saboda haka muka rage shi muka ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Ina kuma son in gyara wata fahimta da ta yaɗu a majalisu, cewa mai ciwon sukari in ya bar shinkafa ya koma tuwon dawa ko acha ya ci iya cikinsa. Gero da dawa da acha sun fi farar shinkafa da fulawa dusa, amma su ma suna komawa sukari a jini, don haka malmala ɗaya da miya mai yawan ganye ta fi malmala uku. Na daina ci a faranti ɗaya da baƙi a ranakun da ba na biki ba, na sa aka ware mini kwano ƙarami, saboda a babban tire mutum ba ya sanin abin da ya ci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 komai ya yi tsada, fansho kuma kowa ya san halinsa, amma wake da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da yalo da kabewa har yanzu sun fi lemon kwalba da burodi sauƙin kuɗi in an lissafa da kyau.

Kada a ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Da yayana ya rasu, zaman makoki da hidimar iyalinsa suka ɗauke ni kusan wata biyu ban taka ko'ina ba, ina cin duk abin da aka miƙo. Damina takan hana fita, azumi kuma yakan juya lokutan ci da na shan magani gaba ɗaya, wanda ya sa nake ganin likita kafin kowane Ramadan. Abin da na koya shi ne in an samu irin wannan yankewa, kada mutum ya ce sai ya dawo da awa ɗaya cif a rana ta farko. Na koma da minti goma, gwiwoyina suna ƙara, na riƙa ƙarawa a hankali har jiki ya tuna.

Saboda haka, ya Edita, roƙona guda biyu ne. Na farko, a shafinku na lafiya ku riƙa magana da mutane a daidai bakin sauyi: mai shirin ritaya, amaryar da za ta tare, mai jego da uwarta, ɗalibin da zai bar ƙauye zuwa jami'a, wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa birni. Ku tambaye su wane motsi ne tsohuwar rayuwarsu take ba su kyauta, kuma me zai maye gurbinsa tun daga makon farko. Na biyu, ku isar da kira ga ƙungiyoyin ma'aikata da na 'yan fansho cewa tarurrukan da ake shirya wa masu ajiye aiki kada su tsaya ga cike takardun giratuti da shawarar sana'a kaɗai. A kawo ma'aikacin lafiya ya auna jini da sukari da nauyin kowa a ranar, a rubuta masa a kati, a ce ya sake aunawa bayan wata shida. Ni da an yi mini haka a 2019, da na ga inda na dosa tun kafin fitsarin dare ya fara tashina.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka mai karatu,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Zariya, Jihar Kaduna.