A Ba Masu Ciwon Daji Takardar Maganinsu A Hannu

Ya Edita,

Rahotonku kan iyalin da ke zargin an yi wa ɗan'uwansu kuskuren magani a jinyar ciwon daji ya taɓa ni ƙwarai.

Maganin daji ba ya yafe kuskure. Da nauyi da tsawon majinyaci ake lissafa yawansa, kuma mai daji yakan rame daga zuwa ɗaya zuwa na gaba. In ba a sake auna shi ba, sai maganin ya yi masa yawa. Na ga dangi a bakin gado sun lura launin ruwan maganin da ake ƙara wa majinyaci ya canza, amma jin nauyin likita ya hana su tambaya. Wasu daga nan suke janye majinyaci su koma gida, jinya ta katse.

Takardar haƙƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ta ba kowa damar sanin abin da ake ba shi. Don haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta wajabta wa asibitoci ba majinyaci kati mai sunan magani, yawansa da nauyin majinyacin na ranar, da sa hannun ma'aikata biyu. Wanda ya yi zargi kuma a duba katin tare da shi a ranar, kafin a ci gaba.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya