Abin da na gani a Kyoto

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi tsokaci kan zangon karatun da na yi a birnin Kyoto, ƙasar Japan.

Ba abin da ya tsaya mini a rai kamar shara. Robobi daban, gwangwani daban, abin ƙonawa daban, kowanne da ranar fitar da shi. Da wuya ka ga kwandon shara a titi, mutum ya gwammace ya cusa ledarsa a jaka har gida. A firamare ma yara ke share ajinsu da kansu.

Abincin halal kuwa sai an tona, don miya da yawa akwai giyar mirin a ciki. Masu shirin tafiya su fara koyon karanta rubutun jikin kaya tun daga gida.

Naka,
Wani ɗalibi, Zariya