Sunan da ke goshin a-kori-kura ba shi ne ƙarkonta ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na makon jiya, wanda kuka taɓo gardamar nan da Amurkawa ba sa gajiya da ita: tsakanin motocin a-kori-kura na gida, wato Ford da Chevrolet da GMC da Ram, da na baƙi irin su Toyota da Nissan da Honda, waɗanne ne suka fi ƙarko? A gareji na saurare shi, hannuwana duk baƙin mai, shi ya sa ban samu na kira ba. Baƙon da kuka gayyato ya yanke hukunci a taƙaice, ya ce duk mai son kwanciyar hankali ya sayi ta Japan ya huta. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ni bakanike ne a jihar Ohayo, na haura shekara 14 ina kwanciya a ƙarƙashin waɗannan motoci, kuma na san akwai 'yan'uwanmu a nan da za su ɗauki maganarsa yadda take, su kwashi kuɗin da suka daɗe suna tarawa su zuba a kan mota saboda sunanta kawai.

Ni ma a da ra'ayina ke nan, kuma ba banza ba ne sunan ya yi kyau. Kowa a sana'ar nan ya ji labarin direban nan na jihar Luwiziyana da Toyota Tundra ɗinsa ƙirar 2007 ta cika mil miliyan 1 a shekarar 2016 da injinta na asali, har kamfanin ya karɓe ta ya ba shi sabuwa don a warware ta a ga abin da ke ciki. Gaskiya ne wannan. Amma kafin a kai ga ƙarko, akwai tambayar da ba a yi ba a shirin: wace ce ta gida, wace ce baƙuwa?

Tundra a San Antoniyo ake haɗa ta, cikin jihar Texas, tun 2006, kafin nan kuma a jihar Indiyana. Nissan Frontier daga Kanton ta jihar Misisipi take fitowa, Honda Ridgeline kuma daga Alabama. Ka juya ɗaya ɓangaren: manyan Ram masu jan kaya a Saltiyo ta ƙasar Meziko ake ƙera su, kuma uwar kamfanin, Stellantis, wadda aka kafa a 2021, hedkwatarta a Holan take. Ford Maverick daga Meziko take zuwa. Wasu Chevrolet Silverado daga Meziko, wasu daga Kanada. In ka buɗe cikin motar, abin ya fi haka cakuɗewa. Injin dizal na Duramax da masu Chevrolet ke alfahari da shi, haɗin gwiwar GM, kamfanin da ke yin Chevrolet da GMC, da Isuzu ta Japan ne ya haife shi, a wata masana'anta da ke nan Moren cikin jiharmu. Giya mai hawa 8 da ke cikin Ram 1500 zanen kamfanin ZF ne na Jamus. Mutum zai tsaya yana bugun ƙirji a kan motar gida, alhali rabin abin da ke juya tayarsa hannun wasu ne ya tsara shi.

Wannan cakuɗewar tana da asali, kuma abin mamaki daga kaji ta taso. A farkon shekarun 1960 Faransa da Jamus ta Yamma suka ɗora haraji a kan naman kajin Amurka. Shugaba Lyndon Johnson ya rama, daga 1964 ya sa harajin kashi 25 cikin 100 a kan wasu kayayyaki, ciki har da ƙananan motocin ɗaukar kaya da ake shigowa da su. An daɗe da janye na sauran kayan, amma na motocin yana nan har yau. Kamfanoni sun yi ta dabara. Subaru har kujeru biyu ta taɓa dasawa a bayan wata ƙaramar a-kori-kurarta don a lissafa ta cikin motocin fasinja. Daga ƙarshe kamfanonin Japan suka ga babu mafita sai su kafa masana'antu a wannan nahiya. Hilux ɗin da duniya ta sani da taurin rai ma ba a sayar da sabuwarta a Amurka, tun 1995 Tacoma ta maye gurbinta, kuma mota ce daban da aka tsara don wannan kasuwa. Na sha jin mutum yana yabon Tacoma da labarin Hilux, kamar mai yabon ɗa da aikin baffansa.

To bari in faɗi abin da idona ya gani, wanda shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan. A hunturun da ya wuce wani matashi ɗan'uwanmu, mai aikin yankan ciyawa da share dusar ƙanƙara, ya kawo mini a-kori-kura ta hannu da ya saya. Ba zan faɗi kamfanin ba, domin na ga irin wannan a kowane kamfani. Fenti na ƙyalli, kujeru tsaf, inji kuwa in ka ji ƙararsa sai ka rantse bai taɓa wahala ba. Ya ce, "Baba, ka canza mini baƙin mai kawai, an ce mini irin wannan ba ta mutuwa." Na ɗaga ta sama, na haska tocila. An shafe shasin da baƙin fenti mai kauri, sabo fil. Na ɗauki ƙaramar guduma na ɗan buga kusa da inda sifirin na baya yake kamawa. Maimakon ƙarar ƙarfe, sai na ji wani sauti kamar an bugi busasshen kwali, ɓarɓashin tsatsa ya zubo mini a fuska, bakin gudumar ya shige ciki. Na kira shi ya sa yatsansa a ramin da kansa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko walda za ta riƙe. Na ce masa ba zan yi ba, kuma kada ya yarda wani ya yi masa, domin ran da ya ɗaura tirela ya hau babbar hanya, ransa da na mutane ne a kan wannan ƙarfen. Har yanzu in na tuna fuskar yaron nan sai raina ya ɓaci. Injin bai yaudare shi ba. Sunan da ya dogara da shi ne ya hana shi sunkuyawa ya duba ƙasa.

A jihohin arewa irin su Ohayo da Mishigan da Niyok, gishiri ake watsawa a kan hanya duk lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan yana shiga cikin shasi ya kwanta, musamman shasin da aka yi shi rufaffe kamar akwati, ya yi ta ci daga ciki ba a gani. Toyota da kanta ta sha wannan. A 2016 ta amince da sulhun da ya kai kimanin dala biliyan 3.4 kan tsatsar shasi, wanda ya shafi motoci kusan miliyan 1.5, ciki har da Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2010 da Tundra ƙirar 2007 da 2008. Motocin gida ma suna ruɓewa, a ƙasan ƙofa da saman taya da bututun burki. Ko Ford F-150 da aka mayar da jikinta na alminiyam daga 2015, shasinta na ƙarfe ne. Tsohuwar mota da ta yi rayuwarta a Arizona ta fi wadda ta yi hunturu 8 a nan lafiyar ƙashi, ko wane suna ke goshinsu.

A ɓangaren inji kuwa, mu a gareji ba ma cewa Ford ko Toyota. Cewa muke yi wane inji, na wace shekara. Ɗauki Ford kaɗai. Injin dizal ɗinta mai girman lita 7.3, wanda aka yi daga 1994 zuwa 2003, har yau mutane na nemansa ido rufe, don ba shi da tarkace kuma yana jure wulaƙanci. Wanda ya gaje shi, mai lita 6.0, daga 2003 zuwa 2007, shi ya cika garejoji da aiki: na'urar sanyaya hayaƙin da ake mayarwa inji ta fashe, mai sanyaya baƙin mai ya toshe, gasket ya ƙone. Duka a motocin Ford suke, kuma kamfanin Navistar ne ya ƙera mata injinan biyu. Wanda ya sayi na farko zai rantse maka babu kamar Ford, wanda ya sayi na biyu zai rantse ba zai ƙara ba, kuma kowannensu gaskiyarsa ya faɗa. Haka injin dizal na Cummins da aka fara sa wa Dodge, wadda a-kori-kurarta ce Ram ta yanzu, a 1989, sau da yawa jikin motar ne ke gajiya ya bar shi yana aiki.

Abin da ya fi damuna a maganar baƙonku shi ne ya auna motocin yau da ma'aunin jiya. Tundra da ta yi sunan nan mai babban inji ce mai silinda 8, marar tobo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska don ƙara masa ƙarfi, wanda aka shekara da shekaru ana gyara kurakuransa har ya nuna. A 2022 Toyota ta ajiye mai silinda 8, ta kawo sabo mai silinda 6 da tobo biyu. A 2024 sai da ta kira motoci kusan 102,000, Tundra da Lexus LX, a dawo da su don gyara, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya saura a cikin inji tun daga masana'anta, kuma maganin da ta yanke shi ne canza injin gaba ɗaya. Na yaba mata da ta ɗauki nauyin, amma abin ya faru. Shekara guda bayan haka GM ta kira motoci kusan 600,000 a Amurka saboda injinta mai lita 6.2. Dokokin hayaƙi da na tsimin mai sun tura kowa hanya ɗaya: ƙaramin inji da ake matsa wa ya yi aikin babba, giya mai hawa 10, kwamfuta a kowane lungu. Ba na ƙin ci gaba, motocin yanzu sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, sun fi kare rai a hatsari. Sai dai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Duk injin da aka sabunta, ko na wane ne, ni shawarata a bar shi ya yi shekara 2 ko 3 a hannun wasu tukuna.

Akwai kuma maganar aikin da za a sa motar. Mai jan tirelar shanu ko injin haƙa ƙasa ba shi da zaɓi tsakanin gida da waje, domin kamfanonin Japan ba sa sayar da takwarar manyan masu jan kaya irin Ford F-350 ko Ram 3500 a nan, Nissan ma ta daina yin babbar a-kori-kurarta, Titan, a 2024. Kuma ga mai sana'a, ƙarko ba rashin lalacewa kaɗai ba ne, har da kwana nawa motar za ta yi a kwance in ta lalace. Jerin F na Ford shi ke kan gaba a cinikin a-kori-kura a Amurka tun 1977, saboda haka duk ƙauyen da ka tsaya akwai kayan gyaransa, sabo da na gwanjo, akwai kuma wanda ya san cikinsa. Wannan ma abin lissafi ne. A ɗaya hannun, Tacoma tana riƙe darajarta in ka tashi sayarwa, amma wannan darajar ce kai ma za ka biya ran da ka je sayen ta hannu.

Ga 'yan'uwa masu shirin saye, abin da nake roƙo ba shi da wuya. Kowace mota tana da lambar shaida mai harafi da lamba 17 a ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba. In ta fara da 1 ko 4 ko 5, a Amurka aka haɗa ta, 2 Kanada, 3 Meziko, J kuma Japan. Ka sa lambar nan a shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, NHTSA, kyauta za ta nuna maka ko akwai gyaran kamfani da ba a yi wa motar ba. Ka nemi takardun canjin mai, domin inji mai tobo ba ya yafe wa wanda ya bar masa tsohon mai. Ka tambayi jihohin da ta zauna. Sannan, don Allah, kafin ka miƙa ko dala ɗaya, ka kai ta wurin bakaniken da ba shi da alaƙa da mai sayarwa, a ɗaga ta sama. In mai ita ya ƙi, ka yi masa sallama.

Malam Edita, ina roƙon ku sake waiwayar wannan batu, kuma a wannan karon ku haɗa baƙon naku da wanda ke riƙe sifana, ko daga nan ko daga wata jiha mai sanyi, a ji ta bakinsa. Yaron da na ba ka labarinsa ya sayar da motar ga masu ɓalle kayan gyara, ya yi asarar fiye da rabin kuɗinsa. Ranar Asabar mai zuwa za mu je duba wata tare, na ce masa ya zo da tsohuwar riga, don shi zai fara shiga ƙarƙashinta da gudumar.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka mai sauraro,
wani bakanike daga jihar Ohayo, Amurka