Ƙanena na jiran ƙoda, ni kuma ƙiba ta tare mini hanya

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari.

Ƙodojin ƙanena sun daina aiki, da wankin ƙoda yake rayuwa, sau uku a mako. Da aka gwada 'yan gida, tawa ce ta dace da jikinsa. Amma likitoci suka ce ba za su taɓa ni ba, domin ma'aunin ƙibata na BMI ya kai 41, su kuwa ba sa cire ƙodar wanda ya haura 35. Ƙiba na jawo ciwon suga da hawan jini, in ji su, mai ƙoda ɗaya kuma ba shi da ta ajiya.

Suka ce in fara yin tiyatar rage tumbi, wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 nasa, sannan a jira nauyina ya sauka ya zauna, abin da ke iya ɗaukar shekara. Numfashina ne ke ba ni tsoro. Maiɗakina ta sha girgiza ni cikin dare saboda minsharina ya ɗauke tsit, sai can in zabura ina jan iska. Likitan da ke sa barcin tiyata ya ce ana hura iska a ciki don kyamara ta ga hanya, iskar tana danne huhu, shi ya sa na'urori ke bin oksijin na jini da iskar da ake fitarwa da bugun zuciya ba ƙaƙƙautawa. Ya ƙara da cewa ga irina hatsarin bai ƙare da farkawa ba, tunda magungunan kashe zafi masu ƙarfi na rage numfashi. To wane irin sa ido zan tabbatar asibiti na da shi a daren farko bayan tiyata, kafin in sa hannu?

Ana haka kawunmu ya samo wani saurayi da bashi ya yi wa katutu, ya ce a ba saurayin kuɗi ya ba da ƙodarsa, a gabatar da shi a matsayin ɗan'uwa. Na ƙi. Sanarwar Istanbul ta 2008 ta yi tir da cinikin sassan jiki, kuma ko babu ita, yaron nan talauci ne ya amsa a madadinsa. Wa zai kula da shi in ɗayar ta samu matsala? Yanzu Inna ta daina yi mini magana, a ganinta na fifita bare a kan ɗanta.

Likita, ƙanena zai iya jure wannan jira a kan wankin ƙoda? Kuma da wane baki zan fahimtar da Inna ba tare da na ƙara mata ciwo ba?

Naka,
Mai sauraronka kullum