A fara toshe yoyon kanal kafin a yi maganar sabon dam

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ina neman ɗan fili in yi magana kan kuɗin da ake warewa harkar ruwa, don duk shekara in aka zo kasafin kuɗi abin da kunnenmu ke ji shi ne sabon dam, sabon fili na noman rani, hekta kaza za a buɗe, amma ba kasafai ake jin wani ya tambayi ruwan da ke zubewa a banza a ayyukan da muke da su ba.

Ni ɗan ƙasar Guri ne a Jigawa, gidanmu masunta ne kaka da kakanni. Yadda mahaifina ke ba mu labari, da can ruwa yakan zo da ƙarfi ƙarshen damina ya malale fadama, kifi ya hayayyafa, sannan ya janye, manomi ya bi danshi ya yi shuka, makiyayi ya shigo da shanunsa. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, sai tafiyar kogin Haɗeja ta canja, ruwa kaɗan-kaɗan rani da damina, bai cika ba kuma bai ƙafe ba, wannan kuwa shi ne abin da kachalla, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa, take so. Wallahi da idona na ga inda muke wanka muna yara yau kwale-kwale ba ya wucewa, kachalla ta fi tsayin mutum, sai an sa gora ana turawa ana sara da adda. Ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya karkata ta mashigar ruwa ta Marma ya nufi Nguru yana cin gonaki, mutanen Gashuwa da na ƙasa da su kuma suna kukan bai iso musu yadda ya saba ba. A cikin kachallar tsuntsayen jan baki ke kwana, da safe su sauka kan shinkafa, ga sauro ba a magana.

To kwanaki na je wajen abokina da ke noman tumatir a yankin Kura, abin da na gani ya tsaya min a rai. Ƙaramin kanal da ke kai ruwa gonarsu simintinsa ya dare, ruwa na bi ta ƙarƙashi ya kwanta a gefe har ya yi gansakuka, ƙofar ruwan ta lalace an tokare ta da buhun ƙasa, in an buɗe da yamma sai gari ya waye tana zuba. Gefen gonar har ƙasa ta fara yin fari-fari kamar kanwa saboda kwanciyar ruwa. Ban ga laifinsa ba sam, bawan Allah nema yake, shi ma asara yake yi.

Na san an yi gyara a aikin noman rani na kogin Kano ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, Allah ya saka, irin wannan nake so a sa a gaba a kuma ci gaba da shi. A lafta siminti a kanal, a sa ƙofofi masu kulluwa da ma'auni, a yashe magudanai, a ba ƙungiyoyin masu ban ruwa kuɗin kula da su, a sayo injinan yankan kachalla da man da za su yi aiki duk shekara ba sai ambaliya ta zo ba.

Amma ga inda nake jin tsoro Malam Edita, kada a tsimi ruwa a sama sannan a ce tunda an samu rara bari a ƙara fili da shi. Ya kamata tun wajen ba da kuɗin a rubuta cewa wani kaso na ruwan da aka ceto na kogi ne, a sake shi a kan lokacinsa yadda fadama za ta cika ta kuma bushe. Tafkin Nguru da Marma fa tun 2000 suna cikin jerin Ramsar na dausayin duniya, tsuntsaye daga Turai suke tasowa su yi hunturu a Dagona ta jihar Yobe, mu kuma da ke bakin ruwan tarwaɗa da karfasa muke roƙo su dawo.

Ina kira ga 'yan majalisarmu na Kano da Jigawa da Yobe, kafin su sa hannu a kasafin bana su shiga kwale-kwale daga Guri su gwada zuwa Nguru.

Naku,
Ɗan masunta daga Guri, mazaunin Kano