Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Zuwa Ga 'Yan Ƙungiya

Assalamu alaikum. Malam Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran 'yan uwa masu sana'ar hoto, barkanmu da ganin sabuwar shekara. Tsarin mulkinmu ya ɗora wa sakatare ya kawo rahoto kafin ƙarshen Janairu, to ga shi. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana hannun Ma'aji, zai karanta shi a taro. Ni abin da aka yi da abin da ba a yi ba zan faɗa, da dalili.

Tarukan wata-wata sun gudana, ban da na watan azumi da muka saba ɗagawa, da na Agusta da dokar hana fita ta lokacin zanga-zanga ta hana mu zama. Muna yi wa waɗanda suka yi rashi ta'aziyya, Allah Ya jiƙan magabata.

Bari in fara da kuɗin wata, don in na bar shi zuwa ƙarshe na san wasu ba za su kai can ba. Waɗanda suka biya na shekara cif ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba. Akwai wanda rabonsa da biya tun kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, amma duk ranar da aka jefo maganar kwangila a zaurenmu na WhatsApp shi ne na farko da zai rubuto "ina ciki". Na san halin da ake ciki, ni ma da kyamarar nan nake ci. A 2024 dala ta haura naira 1,500, kuma babu abin da muke aiki da shi wanda ba daga waje yake zuwa ba, daga batir har takardar wanki. Litar fetur ta wuce naira 1,000 kafin shekara ta ƙare. Waɗanda situdiyonsu ke layin Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawa a yini, sun ga yadda kuɗin wuta ya yi tsalle a watan Afrilu. Duk na ji. Sai dai kuɗin watanmu bai kai abin da mutum ke karɓa a hoton fasfo na yini guda ba. Na bi wasu har shago, na kira wasu har suka daina ɗauka. Wani ya ce in jira alat, yau wata huɗu wayata ba ta yi ƙara ba. Ni ba albashi ake biyana ba, man babur ɗina nake ƙonawa.

Wannan shi ya kawo mu maganar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wadda na san za a tambaye ni. Ba a kammala ba. Rajistar ƙungiya irin tamu tana buƙatar amintattu, da tsarin mulki a rubuce, da sanarwa a jaridu biyu, sannan a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Tsarin mulki mun gyara shi tun Yuni. Kuɗin jarida da na lauya ne babu, kuma biyu daga cikin waɗanda aka zaɓa amintattu har yau ba su kawo takardunsu ba. Masu cewa kwamiti ya yi barci su zo su duba fayil, yana nan. Abin da ya sa nake nanata maganar nan shi ne, kamfani ba ya son tura kuɗi asusun mutum ɗaya. Yana son takarda mai suna da hatimi da asusun ƙungiya. Aiki biyu suka suɓuce mana a 2024 a kan wannan kaɗai.

Firintar haɗin gwiwa ma ba a saya ba. Kuɗin da aka tara a farkon shekara ya kusa isa a lokacin, aka ce a jira ragowar masu alkawari, kafin su cika farashi ya gudu ya bar mu. Kuɗin yana asusu, ba wanda ya taɓa shi. Baje kolin hotuna da muka shirya don Ranar Hoto ta Duniya, 19 ga Agusta, ya faɗa cikin makonnin da gari bai gama komawa daidai ba, muka ɗaga zuwa Oktoba, sai ga ɗaukewar wutar da ta jefa yawancin Arewa cikin duhu kwana da kwanaki. Ba mai wanke manyan hotuna da janareta a wannan tsada. An bar shi sai 2025, in Allah Ya yarda.

Yanzu ga abin da ya wanke mana zuciya. Tun bara dattawanmu ke cewa mun ta'allaƙa da biki da suna, alhali ma'aikatu da kamfanoni suna taro duk shekara: Ranar Ma'aikata ta 1 ga Mayu, makon kula da abokan ciniki a farkon Oktoba, walimar ritaya, raba lambobin yabo, liyafar ƙarshen shekara. Yawanci daga wani gari ake ɗauko musu mai hoto, ko a bar wani ma'aikaci ya yi ta fama da waya. Shi ya sa muka shirya bitar yini ɗaya a Nuwamba kan hoton taron ma'aikata, kuma a Disamba muka gwada abin da muka koya a liyafar wani kamfani da ya ba mu aiki ta hannun Mataimakin Shugaba.

Bitar dattijonmu ne ya ja ta, wanda ya fara sana'ar nan tun zamanin fim da ɗakin duhu. Abin da ya fara faɗa shi ne taron ofis ba biki ba ne. A biki kowa ya san amarya. A taron kamfani kana iya ɓata rabin dare kana bin mai babbar riga, ashe baƙo ne, manajan kuwa shi ne ɗan siririn nan mai ƙaramar riga da ke tsaye bakin ƙofa yana amsa waya. Don haka kafin ranar a nemi jadawalin taro a rubuce, a kuma roƙi a haɗa ka da ma'aikaci ɗaya da ya san kowa, ya riƙa raɗa maka wane ne wane. Ba a fafe gora ranar tafiya: a je zauren tun jajibiri, a dubi silin ko fari ne da za a iya harba masa filasha hasken ya dawo a tausashe, a ga inda taga take, a san inda za a tsaya ba a tare wa manyan baƙi gaba ba.

Ya daɗe a kan fitilu, kuma ya dace. Wutarmu a nan tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa wasu fitilun LED da allon majigi ke fitar da zane-zane a hoto in saurin kyamara ya yi yawa. Maganinsa a sauko da saurin zuwa 1/100 ko 1/50 na daƙiƙa. Da yawa cikinmu sun sha ganin wannan matsala suna zargin kyamara. Sai kuma abin da kowa ya sani amma ake mantawa: farar shadda da baƙar fata a hoto ɗaya. In ka bar wa kyamara ta auna da kanta, shaddar za ta ruɗe ta, fuska ta nutse. A auna da fuska, a lura kada farin ya ƙone har aikin wuyan riga ya ɓace, don mai rigar saboda aikin nan ya sa ta.

Ranar liyafar mu shida muka je, maza huɗu mata biyu. Hoton gaba ɗaya muka fara nema, kafin a buɗe abinci, domin da zarar an ci an sha sai ka ga kujeru sun fara zama wayam. Muka roƙi mai gabatarwa ya sanar, aka fito harabar da La'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, hazon hunturu ya tace mana hasken kamar an sa labule. Ɗayanmu ya hau tsani, ya rufe gilashi zuwa f/8 don na sahun baya su fito kamar na gaba, ya ɗauka sau da yawa a jere saboda masu ƙyafta ido. Minti goma aka gama. Da aka kira Magariba muka ajiye kyamara kamar kowa, bayan sallah muka canja batir da kati.

Dabarar da ta fi karɓuwa ta Hajiya ce, Jami'ar Walwala. Ta ce a ɗauki kowane sashe da kayan aikinsa. Direbobi suka jeru jikin motocinsu da makullai a hannu, 'yan sito suka tsaya gaban kwalaye, akawu suka rungumo manyan fayiloli suna dariya, masu gadi suka ƙame da tocila kamar sojoji. Akwai wani dattijo masinja da aka ce ya fi kowa daɗewa a wurin. Da aka ce ya zauna a kujerar tsakiya, manaja ya tsaya a bayansa, sai ya cire hularsa ya kakkaɓe, ya mayar, ya gyara mata zama har sau uku, ya ce a dakata tukuna. Ya ɗaga kai, idonsa ya kawo ruwa. Wannan hoton, ba na manyan baƙi ba, shi kamfanin ya sa aka faɗaɗa aka rataye a ɗakin karɓar baƙi. Na je kai rasidi na gan shi da idona.

A wani lungu mun kafa labule mai launi ɗaya da fitila biyu, duk mai son hoton kansa na aiki ya zo ya tsaya. Mun zaci mutum kaɗan za su zo, sai ga layi har ƙofa, don kowa na buƙatar hoto mai kyau na katin shaida ko na LinkedIn, kuma ba kullum yake cin ado haka ba. Wajen ba da lambar yabo kuwa tun farko muka roƙi mai miƙawa ya riƙe hannun mai karɓa ya ɗan dakata, su juyo gare mu, a karkata allon yabon ƙasa kaɗan don kada filasha ta haske rubutun. Ba lambar da ta wuce mu.

Abu biyu muka hana kanmu. Ba mu ɗauki kowa da loma a baki ba, ko cokali a hanya. Kuma ba mu ɗauki mace ba sai da izininta. 'Yan uwanmu mata su suka riƙe wannan ɓangare, wadda ta ce a'a aka wuce ta ba gardama. Wannan tarbiyyarmu ce tun asali, yanzu kuma ga Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda kamfanoni suka fara kula da ita, kuma hoton fuskar mutum yana cikin bayanansa. Saboda haka ne muka sa a takardar yarjejeniya cewa ba za mu ɗora hoton ma'aikatansu a Facebook ko Instagram don tallan kanmu ba sai sun amince. A takardar dai muka fayyace abin da kamfani zai iya yi da hotunan, tunda Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta bar wa yarjejeniya wuri, kuma abin da ba a rubuta ba shi ke zama rigima daga baya. An karɓi kafin alƙalami, an karɓi ciko bayan kwana kaɗan, ba tare da jeka-ka-dawo ba. A daren muka zaɓi 'yan hotuna muka gyara muka tura, a matsayin fayil, ba kai-tsaye ba yadda WhatsApp zai matse su su dusashe. Ragowar suka bi bayan kwana uku.

Kuskure ɗaya muka yi, kuma nawa ne. Ban tanadi wanda zai rubuta sunayen masu karɓar lambar yabo bi da bi ba, sai da muka koma muna tambayar wane ne wannan. A kiyaye gaba.

Kashi ɗaya cikin kuɗin aikin ya shiga asusun ƙungiya kamar yadda aka amince, kuma shi ne kuɗi mafi tsoka da ya shigo a 2024, ya fi abin da na tara da yawon bin bashi na wata da watanni. Tuni wasu ma'aikatu biyu suka tuntuɓe mu bayan sun ga hotunan. Ga inda gizo ke saƙar: tun da labarin ya fita, waɗanda ba su zo bita ba, ba su biya kuɗin wata ba, ba mu ga ƙeyarsu a taro ba, su ne ke ƙorafin an yi son kai wajen zaɓen mutum shida. An sanar da bitar sau uku. Kyauta ce, har da abincin rana da Shugaba ya ɗauki nauyi daga aljihunsa. Kujerun da muka yi haya rabi babu kowa a kai. Wanda ya zo ya koya shi aka ɗauka, kuma kwamiti ya yanke cewa haka za a ci gaba: aikin da ya shigo ta ƙungiya na wanda ba a binsa bashi ne kuma yake halartar taro. Wanda bai gamsu ba ya zo taro ya faɗa a gaban kowa, ba a bayan ido ba.

Godiya ta musamman ga dattijonmu, da Hajiya, da mai situdiyon da ya ba mu aron fitilu bai karɓi ko sisi ba, da matasan nan biyu da suka kwana gaban kwamfuta suna tace hotuna.

Abin da ke gabanmu a 2025: kammala rajista kafin Babbar Sallah, sake zama kan maganar firinta, da bita ta biyu kan bidiyon taro, tunda duk wanda ya kira yanzu sai ya tambaya ko muna haɗawa da bidiyo. Zaɓen sabon kwamiti yana taron Fabrairu, kuma na riga na shaida wa Shugaba cewa kujerar sakatare tana neman sabon jini. Mai bashi ya zo da abin da ya samu, ko rabi ne, Ma'aji zai karɓa ya ba da rasidi. Sannan wanda ya ari tsanin ƙungiya da filasha ɗaya tun bayan liyafar, ya san kansa, ya taho da su.

Wassalam.

Sakatare